Hari a wasannin intanet: yadda ake zaɓar gwarzon da gungu zai karɓa

A cikin wasannin intanet akwai wani jinsi da mutum ke ƙirƙiro gwarzo guda, ya raɗa masa suna, ya yi ta renonsa makonni ko watanni har ya yi ƙarfi. World of Warcraft, Dofus, Final Fantasy XIV da Albion Online duk suna cikin wannan jinsi. Sun bambanta da Free Fire ko PUBG Mobile da aka fi gani a salular matasa, inda ake gama zagaye cikin ƴan mintuna a sake sabon lale. A nan abin da mutum ya zaɓa ranar farko yana bin sa har ƙarshe.

Ƙololuwar irin wannan wasa ita ce abin da ƴan wasa ke kira raid, wato hari: mutum 8, 10, 20 ko ma 40 su haɗu a lokaci guda su afka wa wani babban dodo wanda mutum ɗaya ba zai iya kayarwa ba. Gurabe a cikin gungun a ƙidaye suke, kuma shugaban gungu ne ke tantance wanda zai shiga. Matashi a Zinder, Mirriya ko Dogo da ya kashe kuɗin forfe da na wata-wata yana renon gwarzo, idan ya zo ƙofar hari aka ce ba a bukatar irin nasa, ya yi asarar kuɗi da lokaci. Wannan bayani ya tattara abin da ya kamata a sani kafin zaɓi.

Aji da reshe

Aji shi ne sana'ar gwarzo gaba ɗaya: mayaƙi, maharbi, mai tsafi, mai warkarwa. Reshe kuwa shi ne ɓangaren sana'ar da ya ƙware a kai, abin da masu wasa da Faransanci ke gajartawa su ce spé. Kamar maƙeri ne: sana'a ɗaya, amma akwai mai ƙirar baƙi, akwai mai ƙirar fari.

World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na jihar Kaliforniya a Amurka ya fitar a watan Nuwamban 2004, ya isa Turai a Fabrairun 2005, shi ne misalin da aka fi bi. Ya fara da aji 9, yanzu yana da 13, rassansu kuma sun kai kusan 40. A 2010 masu biyan kuɗinsa sun kai miliyan 12. A fassarar Faransanci sunayen ajin su ne Guerrier, Paladin, Chasseur, Voleur, Prêtre, Chaman, Mage, Démoniste, Moine, Druide, Chevalier de la mort, Chasseur de démons da Évocateur. Galibinsu suna da reshe 3, Druide kuwa yana da 4. Sauya reshe a cikin aji abu ne mai sauƙi a yau. Sauya aji kuwa yana nufin a fara renon sabon gwarzo daga tushe, ko a biya kuɗi don tsallake matakai.

Ayyuka uku na gungu

Duk yawan rassan, aiki uku suke yi.

Na farko shi ne mai garkuwa, wanda ƴan wasa ke kira tank. Shi ke tsayawa gaban dodo, ya ja hankalinsa, ya sha dukan da zai kashe sauran cikin daƙiƙa guda. Shi ne kuma ke juya dodon ya ba gungu baya, ya kai shi inda ake so. A World of Warcraft reshe 6 ne ke wannan aiki: Protection na Guerrier, Protection na Paladin, Sang na Chevalier de la mort, Gardien na Druide, Maître brasseur na Moine, da Vengeance na Chasseur de démons. Dalilin da ya sa ake ɗaukar biyu shi ne dodanni da yawa suna ɗora wa mai garkuwa wani rauni da ke ƙaruwa da kowane duka, sai ɗayan ya karɓe shi kafin raunin ya yi kisa.

Na biyu shi ne mai magani, wanda ke mayar wa abokan tafiya lafiyar da suka rasa. Reshe 7 ke wannan aiki: Sacré da Discipline na Prêtre, Sacré na Paladin, Restauration na Chaman da na Druide, Tisse-brume na Moine, da Préservation na Évocateur. Ƙarfinsa a ƙidaye yake, ana kiransa mana. Idan ya yi almubazzaranci da shi a farkon faɗa, gungu zai faɗi a ƙarshe.

Na uku su ne masu duka, da ake kira DPS, wato yawan ɓarnar da mutum ke yi wa dodo a kowace daƙiƙa. Su ne mafi yawa, kuma sun kasu biyu: masu sara a kusa da masu harbi daga nesa. Dodanni da dama suna da wa'adi: idan ba a kayar da su cikin mintunan da aka ƙayyade ba, sai su harzuƙa su share kowa. Saboda haka raunin masu duka ma yana kashe gungu, ko da garkuwa da magani sun yi aikinsu.

Wannan rabon aiki ba baƙo ba ne ga wanda ya san tarihin Damagaram. Rundunar Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, tana da ƴan lifida da dawakai masu ɗaukar sara da kibiya a gaba, da ƴan baka, da ƴan bindiga, har da igwa da ake ƙerawa a Zinder. Ba wanda ke tambayar ko ɗan lifida ya fi ɗan baka. Abin tambaya shi ne nawa ake bukata daga kowanne, kuma a ina za a tsayar da su.

Lissafin gurabe

A World of Warcraft na yanzu hari yana da mataki huɗu. Outil Raids shi ne mafi sauƙi, na'ura ce ke haɗa baƙin juna. Normal da Héroïque suna karɓar mutum 10 zuwa 30, ƙarfin dodo yana daidaita da yawan mutanen. Mythique, mafi wuya, an san shi da mutum 20 cif. Tsarin da aka saba a can shi ne masu garkuwa 2, masu magani 4, masu duka 14, wani lokaci a ƙara ko a rage mai magani ɗaya gwargwadon dodon.

Wannan lissafi yana ɓoye wani tarko. A ƙananan kurkuku na mutum 5 ana bukatar garkuwa 1, magani 1, duka 3, don haka kullum ana neman mai garkuwa ruwa a jallo. Sabon ɗan wasa sai ya ɗauka haka abin yake ko'ina. A hari kuwa gurbin garkuwa biyu ne kacal, ko mutum 10 ne ko 30, kuma a yawancin ƙungiyoyi, da ake kira gild, tsofaffin hannu ne ke riƙe da su. Mai magani ya fi samun ƙofa a buɗe, tunda ana bukatar kusan ɗaya ga kowane mutum biyar. Masu duka su ke da gurabe mafi yawa, su ne kuma ke da masu nema mafi yawa.

A Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan, wanda aka sake ginawa a 2013, gungun manyan faɗa mutum 8 ne: garkuwa 2, magani 2, duka 4, akwai kuma hari na mutum 24. A can gwarzo guda yana iya koyon dukan sana'o'i, don haka kuskuren zaɓi ba shi da tsada sosai.

Mai yiwuwa da mafi ƙarfi

Ana yawan cakuɗa abubuwa biyu. Reshe mai yiwuwa shi ne wanda zai iya sauke nauyin da ke kansa a matakin da gungu ke bugawa. Reshe mafi ƙarfi shi ne wanda ke kan gaba a alƙaluman wannan kakar. Manyan ƙungiyoyi irin su Liquid ta Amurka da Echo ta Turai, masu tseren zama na farko a duniya wajen kayar da sabon dodo, suna tara rassan da suka fi ƙarfi, domin a wurinsu ɗan ƙaramin bambanci ke raba nasara da faɗuwa. Ƴan wasansu suna renon gwaraza da yawa lokaci guda, su ɗauko wanda ya dace da kowane faɗa.

Ga mai buga Normal ko Héroïque lamarin daban ne. Kowane reshe na wasan yanzu yana iya gama waɗannan matakai. Abin da ke kayar da gungu a can shi ne tsayawa cikin wuta a ƙasa, rashin katse tsafin dodo a kan lokaci, da mutuwa da wuri. Gwarzon da ya mutu a minti na biyu ba ya dukan komai, ko reshensa ne na ɗaya a jadawali.

Jadawalan da ke jera rassa daga sama zuwa ƙasa suna da ɗan gajeren rai. Blizzard yana gyara ƙarfin rassa a kai a kai, musamman a makonnin farko na kowace kaka, ya rage wa na sama ya ƙara wa na ƙasa. Wanda ya bar abin da ya iya ya bi reshen yayi, yana iya isa ƙofar hari bayan an riga an rage masa ƙarfi. Shafin Warcraft Logs, inda ƙungiyoyi ke ɗora bayanan faɗansu, yana auna mutum da masu irin reshensa, ya ba shi maki daga 0 zuwa 100. Shugabannin gungu da yawa wannan maki suke dubawa, tare da tarihin dodannin da mutum ya taɓa kayarwa.

Abin da gwarzo ke kawo wa gungu

Bayan duka da magani, kowane aji yana da wata gudummawa da ke sa a neme shi. Mage yana ƙara wa kowa basira, Prêtre yana ƙara ƙarfin jiki, Guerrier yana ƙara ƙarfin sara, Druide yana da tasa alamar da ke amfanar kowa. Moine yana sa dodo ya ƙara jin zafin sara, Chasseur de démons kuma ya sa ya ƙara jin zafin tsafi. Démoniste yana raba duwatsun magani, yana kuma janyo wanda ya makara zuwa wurin faɗa. Druide, Démoniste, Chevalier de la mort da Paladin suna iya tayar da wanda ya faɗi ana tsakiyar faɗa. Akwai kuma Furie sanguinaire, ko Héroïsme, da Chaman ya shahara da shi: yana ƙara wa dukan gungu sauri da kashi 30 cikin 100 na daƙiƙa 40. Mage, Évocateur da Chasseur suna da makamancinsa.

Mutum ɗaya ya isa ya kawo kowace irin gudummawa. Gungun da ke da Mage uku ba ya ƙaruwa da na huɗu kamar yadda zai ƙaru da Moine na farko. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ga mai neman gurbi ita ce ya tambayi ƙungiyar da yake son shiga abin da ta rasa.

Aji huɗu, Mage, Démoniste, Chasseur da Voleur, duka kawai suke yi. Paladin, Moine da Druide suna iya ayyukan uku duka. Mai irin wannan gwarzo idan gurbin duka ya cika yana iya komawa magani a wannan daren, ba sai ya koma gida ba.

Darasin tsohon wasa

Maganar reshe mai yiwuwa ta samo tushe ne daga shekarun farko. A wasan 2004 zuwa 2006 hari irin su Cœur du Magma da Naxxramas na mutum 40 ne, kuma rassa ba su yi kusa da daidaito ba. Guerrier ne kusan kaɗai ake yarda da shi a garkuwa, har wani faɗa a Naxxramas, na mahaya huɗu, ya shahara da bukatar masu garkuwa 8. Paladin, Chaman, Druide da Prêtre kuwa magani ake sa ran su yi. Druide mai reshen Équilibre mana ke ƙare masa da wuri, Paladin mai Vindicte dukansa bai kai ba. Dodo ba ya ɗaukar alamomin rauni fiye da 16 a lokaci guda, don haka ana hana wasu rassa amfani da makamansu don kada su ture na wasu. Sauya reshe yana cin har zinariya 50 ta cikin wasa, kuɗi mai nauyi a lokacin. Sai a 2009 aka ba gwarzo damar riƙe reshe biyu.

Wannan tarihi yana da amfani har yau, domin a watan Agustan 2019 Blizzard ya dawo da tsohon wasan da sunan Classic, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na zamani. Shawarar da ta dace da ɗaya tana iya zama kuskure a ɗayan. Kafin a bi kowane jadawali, a duba wane wasa yake nufi da kuma ranar da aka rubuta shi.

Dofus da Albion

Dofus, na kamfanin Ankama da ke Roubaix a arewacin Faransa, ya fito a 2004, kuma ya shiga ƙasashe masu amfani da Faransanci sosai. Ana buga shi bi da bi kamar dara, kowa da lokacinsa na motsi, gungu kuma ba ya wuce mutum 8. Iop da Crâ masu duka ne, na farko a kusa, na biyu da baka. Eniripsa mai magani ne, Féca yana kare abokai, Sacrieur yana shan duka, Pandawa yana ɗaukar abokai da abokan gaba ya ajiye su inda ake so. A nan reshe yana nufin sinadarin da aka zuba wa maki: ƙasa, wuta, ruwa ko iska. Dofus Touch na salula ya fito a 2016.

Albion Online, na wani kamfani a Berlin, ya fito a 2017, ya zama kyauta a 2019, ya shiga salula a 2021. Ba shi da aji ko kaɗan: makami da sulken da mutum ya sa su ne aikinsa. Wanda ya ɗauki sandar magani ya zama mai magani, gobe ya ɗauki guduma ya zama garkuwa, sai dai kowane makami yana da nasa matakan ƙwarewa da ke cin lokaci.

Rezo, wuta da agogo

Jadawalan Turai da Amurka ba sa lissafa halin da mai wasa a Nijar ke ciki. Manyan kwamfutocin da ke ɗauke da waɗannan wasanni suna ƙasashen waje, mafi kusa a Turai, kuma saƙo yana ɗaukar lokaci kafin ya je ya dawo. Wannan jinkiri, da ake kira ping, ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ko da Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecom mutum yake, ko da Starlink da ya fara aiki a ƙasar a 2025, abin da ya fi muhimmanci shi ne jinkirin ya tsaya wuri guda, kada ya riƙa hawa da sauka. A gari irin Dogo, kudu da Zinder kan hanyar Magariya, yana da kyau a gwada rezo da dare, a daidai sa'ar da za a yi hari, kafin a yi wa gungu alkawari.

Jinkiri ya fi cutar da mai garkuwa da mai magani, domin kuskurensu na daƙiƙa ɗaya yana kashe kowa. Haka ma ɗaukewar wuta: idan ɗaya daga cikin masu duka 14 ya ɓace, gungu yana iya ƙarasawa, idan mai garkuwa ne faɗa ya ƙare. Mai rezo marar tabbas ya fi dacewa da duka daga nesa. Maîtrise des bêtes na Chasseur ya yi suna a nan, saboda yana harbi yana tafiya, dabbarsa kuma tana ci gaba da cizo ko da shi ya ɗan tsaya. Dofus, da yake bi da bi ne, ya fi kowanne haƙuri da jinkiri.

Agogo ma abin lura ne. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faransa tana gaban Nijar da awa ɗaya, sauran watanni kuma lokaci ɗaya ne. Harin da ƙungiya ta sa ƙarfe 9 na dare a Paris zai kama ƙarfe 8 a Zinder a waɗannan watanni, dab da lisha. Hari yakan ɗauki awa biyu zuwa uku, sau biyu ko uku a mako, kuma a Turai ranar Laraba ake sabunta dodanni.

Kuɗi da iyaka

World of Warcraft kyauta ne har mataki na 20. Bayan nan kuɗin wata ya kai kimanin Yuro 13, wato wajen jaka 8 da rabi na sefa, ban da sayen sabon babi idan ya fito. Sauke shi yana bukatar wuri fiye da giga 100 da kwamfuta mai ɗan ƙarfi, ko da yake buga shi kansa ba ya cin forfe kamar kallon bidiyo. Tun 2015 akwai Jeton WoW, da ke ba mutum damar biyan wata da zinariyar cikin wasa. Sayen zinariya ko gwarzo daga hannun wasu ya saɓa wa dokar kamfanin, yana jawo rufe asusu, kuma ƴan damfara sun yi yawa a wannan kasuwa.

Hari yana da wani nauyi da iyaye ya kamata su fahimta: yaro ba ya iya tashi a tsakiyar faɗa ba tare da ya kayar da mutum 19 ba, shi ya sa kiran gida ke zama rigima. Maganin shi ne a san ranaku da sa'o'in tun farko, a amince da su ko a ƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar kamu da wasannin bidiyo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022. Alamominta su ne kasa tsayawa, fifita wasa a kan sauran harkokin rayuwa, da ci gaba duk da illar da ake gani, yawanci na tsawon wata 12. Yawan sa'o'i kaɗai bai isa a ce mutum ya kamu ba.

Matakan zaɓi

Mai shirin farawa zai fi cin riba idan ya bi wannan tsari. Ya fara tantance matakin da yake nufi, domin ƙasa da Mythique kowane reshe yana da wurin zama. Ya auna rezo da wutarsa, ya bar garkuwa idan ba su da tabbas. Ya nemi ƙungiyar da sa'o'inta suka dace da nasa, ya tambayi abin da ta rasa. Ya gwada aji biyu ko uku a matakan kyauta kafin ya biya ko dala. Idan ya rasa na zaɓa tsakanin biyu, ya ɗauki wanda ke da aiki fiye da ɗaya. Bayan nan ya zauna a kan reshe guda tsawon kaka ɗaya aƙalla, ya karanta yadda kowane dodo ke faɗa kafin daren hari, ya zo a kan lokaci da kayansa a gyare. Ƙungiyoyin matsakaita sun fi riƙe mutumin da ke zuwa kowane mako kuma ba ya mutuwa da wuri, ko da reshensa yana tsakiyar jadawali.